Sandunan Baba Clovis

Ranar da Noémie ta ce mini sosison ɗin Gaëtan, naman nan da ake ɗurawa a hanji a shanya, take so a yanka a bikinta, ina tsaye ne da wuƙa a hannu ina datsa kitse. Allah ne kawai ya tsare ban bar yatsana a kan katakon ba.

"Maimaita in ji," na ce.

"Baba, don Allah kar ka ɗauke shi da zafi. Naka ma za a sa, a teburin yara da..."

"Teburin yara!"

"Ai naka ba laifi. Amma na Kawu Gaëtan, in na sa a baki sai in ga Kaka Clovis a gabana. Shi nake so in ji ranar."

Noémie 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni. Clovis ubana ne, Allah ya jiƙansa, shekara huɗu ke nan da muka binne shi. Shi kuwa Gaëtan mijin ƙanwata Solange ne, mutumin arewa daga can wajen Lille, wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙin bas. Ranar da ya fara zuwa gidanmu neman aure ya ga hanjin alade a bokiti, sai da ya fita waje ya yi amai. Wai naman wannan za a kawo a bikin 'yata, alhali ni Firmin Chazalon na fara ɗura nama a hanji tun ina taka kujera kafin in kai tebur.

Kuma ba maganar cika ciki ba ce. A nan kan tsaunukanmu na Ardèche, in an fito daga coci, kafin kowa ya ɗaga kofi, uban amarya ke zaro wuƙarsa ya yanka sosison na farko, kuma na hannunsa. Haka Baba ya yi wa Solange. Ni kuma gari zai taru ya zuba mini ido ina yanka na direban bas, Asabar ta biyu a watan Yuni. A lokacin muna tsakiyar Janairu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yarinyar ba ƙarya ta yi ba.

Da Baba ya rasu ni na gaji gida da ɗakin shanya, tunda ni ne babba. Ɗaki ne mai duhu, bango baƙi ƙirin, da sanduna arba'in na itacen shatenye a gicciye daga wannan bango zuwa wancan, inda ake rataye naman ya bushe. Tun na kakanmu ne, sun yi baƙi da maiƙo, in ka taɓa sai hannunka ya yi danƙo. Na ce zamani ya wuce wannan ƙazanta. Na kankare bango na liƙa farin tayil, na sa sandunan ƙarfe masu sheƙi, na kawo injin da ke daidaita sanyi da laima. Duk Juma'a sai na wanke ɗakin tas da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Da jami'ar tsafta ta zo dubawa cewa ta yi a nan ko tiyata za a iya yi wa mutum, kuma sai da na yi sati ina ba mutane wannan labari. Tsofaffin sandunan na jibge bayan gida zan cinna musu wuta, sai Solange ta ce in ba ta ta kafa wa wake. Gaëtan ya zo da motarsa ya kwashe.

Wake bai gan su ba. Gaëtan ya yi ritaya, zaman banza ya ishe shi, sai ya gicciya su a tsohon ɗakin awakin da ke bayan gidansu, wai zai gwada hannunsa. Na yi dariya har da hawaye. Na ce masa ya gaya mini asibitin da za a riƙa kai masu ci, in riƙa zuwa dubiya.

Shekara ta biyu dariyar ta ƙare. Akwai tsoho Aimé Vialle, abokin Baba, haƙori biyu suka rage masa a baki, shekara arba'in a wurinmu yake saye. Wata Asabar a kasuwa ya zo gaban rumfata, ya ɗaga hula ya gaishe ni da kyau, ya wuce kai tsaye zuwa ɗan teburin Gaëtan da ke kusa da mai sayar da zuma. Ina kallonsa ya karɓi yanka ɗaya ya tsotsa, ya lumshe ido. Na rantse har ƙwalla na gani.

Na aiki matata Huguette ta sayo guda, ta ce wa 'yar'uwarta ta Valence za ta aika. A cikin mota na ci, gilasai a rufe, kamar ɓarawo.

Nawa ya fi kyau a ido, wannan ko maƙiyina ya sani. Furen da ke fitowa a fatarsa, wato funfunar da ke rufe shi, fari ne fes kamar an shafa hoda, don garinsa nake saya daga kamfani in fesa. Na Gaëtan kuwa dabbare-dabbare, nan fari, can ruwan toka, wani wurin ɗan rawaya-rawaya. Amma nawa in ka sa a baki tsami ne zai tsaya maka a harshe, gishiri ya biyo baya, shi ke nan an gama. Nasa tsamin ya kwanta, kitsen ya narke, kuma bayan ka haɗiye sai wani ƙamshi ya dawo maka ta hanci, kamar soyayyar gyaɗa da ɓawon tsohon cuku. Ƙamshin rigar Baba ne, ita wadda yake ratayewa bayan ƙofa. Na cinye rabi, na jefa sauran a kogi saboda haushi.

Ba abin da ban yi ba. Na fasa nasa a kan faranti ina ƙirga ƙwayoyin masoro da tsinke. Na ƙara tafarnuwa, na rage. Na canza ruwan inabin da nake kwaɓi da shi. Na je wurin mai kiwon da muke sayen alade na tsare shi da tambaya, ya rantse uwa ɗaya ta haifi nawa da na Gaëtan. Daga nan na yanke cewa Baba ya ha'ince ni, ya raɗa wa Solange wani sirri a gadon asibiti lokacin da na fita shan kofi.

Saboda haka bayan maganar Noémie da kwana biyu na ɗauki mota na tafi gidansu. Na same su a ɗakin awakin suna juya nama.

"Solange, ki ji tsoron Allah ki faɗa mini abin da Baba ya ba ki."

"Yaya, sannu da zuwa ma ba za ka bari a yi maka ba? Me Baba zai ba ni? Agogon bango, kuma ba ya aiki."

"Kin san abin da nake nufi. Me kuke sawa?"

Gaëtan ya goge hannu a gaban rigarsa, yana wannan murmushin nasa na mai jiran fasinja ya gama hawa. "Yaya Firmin, ai ma'auninka nake bi. Ko ƙwayar gishiri ban ƙara ba."

"Ma'aunina? Yaushe na ba ka?"

"Ranar bikin cikarka hamsin. Ka sha kofi uku ka ce in kawo takarda, ko jaki ka koya wa zai iya."

Solange ta juya baya tana dariya ƙasa-ƙasa. Na ɗaga kai sama don kar in faɗi abin da zai raba zumunci, sai idona ya sauka a kan sandunan. Baƙaƙe, masu maiƙo, na uku daga ƙofa har da tsagar da na yi masa da gatari ina ɗan shekara tara. Itacen! Nama ɗaya, ma'auni ɗaya, bambancin kawai ni ƙarfe shi itace. Na ce a raina lallai ƙamshin shatenye ne ke shiga naman.

"Na zo ɗaukar sandunana," na ce.

"Sandunanka?" in ji Solange.

"Aro na ba ku."

"Aro! Ashana ce a hannunka ranar, Yaya. Ni na hana ka."

"Gadon ubana ne, kuma na ɗakin shanya ne, ɗakin shanya kuwa nawa ne. Na wake na ba ki. Ina waken?"

Gaëtan ya ce, "To mu raba mana, Yaya. Ashirin-ashirin."

"Duka."

Solange ta fara kuka, ta ce in Baba na gani zai ji kunya. Na so Gaëtan ya yi faɗa. Da ya zage ni ko ya ci kwalata, da na koma gida na yi barci mai daɗi. Amma mutumin nan tsani ya ɗauko, ya sauke namansa ɗaya bayan ɗaya ya rataye a ƙusoshi da igiyar shanya, sannan ya taya ni loda sandunan a mota, har yana ce mini in bi a hankali a kwanar gada akwai santsi.

Huguette na bakin ƙofa da na iso. Ta dubi motar, ta dube ni.

"Firmin, hassada ga mai rabo taki ce."

"Wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa. Kar dai ka shigo mini da su kicin."

Ni ma ba zan shigar da su ɗakina mai tayil a haka ba. Ƙamshin itace nake nema, kuma a ganina dattin shekara ɗari ya toshe shi. In direban bas ya samu wannan ɗanɗano ta cikin datti, ni da zan buɗe itacen fa? Na dafa ruwa a babbar tukunya. Na jiƙa su a jabel. Na bi su da burushin ƙarfe, tsaga-tsaga, sannan na goge da sanfefa har hannuna ya yi kanta. Kwana uku ina yi a tsakar gida cikin sanyi. Suka fito ruwan zuma, sumul, gwanin sha'awa, har na kira Huguette ta zo ta gani. Ta gani ta koma ciki.

Na yi sabon kwaɓi na rataye. Sati biyar ina shiga ina shinshinawa. Na kasa haƙuri na yanka ɗan siriri guda, tsami da gishiri, shi ke nan, kamar kullum. A satin nan kuma Huguette ta je wurin Solange, don ita ba ta daina zuwa ba, ta dawo da guda a jaka ta ajiye a tebur. Wanda Gaëtan ya yi bayan na kwashe sandunan ne, a kan sandunan tsintsiya da ya sayo a shago ya shanya shi. Na yanka na ci. Baba ne, sak. Na ji kamar in haɗiyi zuciya in mutu.

Farkon Maris Noémie ta zo gida gwajin rigar aure. A ɗakin gwaji na wani kamfanin cuku take aiki a Aurillac, tana yini tana leƙen ƙananan halittu a madubin kimiyya. Ta shigo ɗakin shanya gaishe ni, ta ga sandunan, ta tsaya cik. Ta kai hanci jikin ɗaya.

"Baba, me ka yi musu?"

"Wanka na yi musu. Ba ki ga kyau ba?"

"Da jabel?"

"To da me, da turare?"

Ta zauna a kan bokiti ta dafe kai. "Wayyo Baba. Ka kashe su."

"Na kashe wa? Itace ne!"

"Ba itacen ba ne, abin da ke zaune a cikinsa ne. Yis ne, Baba. Dangin na burodi, amma su waɗannan gishiri da sanyi suke so. A tsagar itacen suke, cikin wannan baƙin maiƙon da ka kankare. Da ka rataye nama sai su sauko ta zaren su mamaye fatar, tun kafin farin furen ya fito. Tsamin nan da ke tsaya maka a harshe, su ke cinye shi. Su ke taɓa kitsen a hankali har ƙamshin ya fito, kuma su tare iska kar ta lalata shi. Abin da kake ji a na Kawu ke nan."

"Ke kina ina kika san wannan?"

"Bara na kankaro kaɗan a jikin sanda na duba a wurin aiki."

"Kuma kika yi shiru?"

"Na faɗa maka ranar Kirsimeti a kan tebur. Ka ce tun yaushe ƙwai ya fi kaza wayo."

Na tuna. Na faɗa, har da buga tebur.

"To a sayo mana," na ce. "Kamfanin da ke sayar mini da garin fure ba su da shi?"

"Suna da wani a leda, kuma zai taimaka. Amma ba na gidan nan ba ne. Na gidan nan tun zamanin kakanka suke tare da namanmu da iskar tsaunin nan, ba irinsu a shago."

"Shi kuma Gaëtan? Ai na kwashe sandunan."

"Shekara uku suka yi a ɗakinsa, Baba. Sun hau rufi, sun shiga bango. Kawu ko shara ba ya son yi."

Na fita na bar ta. A tsakar gida, daidai inda na yi wankin, duwatsun sun yi fari saboda jabel. Sai na tuna Baba bai taɓa sa wa sandunan nan ruwa ba, busasshen tsumma kawai yake bi da su in bazara ta zo. Kuma duk sabon ratayi sai ya sa tsohon sosison guda na bara a tsakiyarsu, ya ce babba ya koya wa ƙanana. Ni kuwa in ya juya baya sai in sauke shi, ina ganin camfin tsofaffi ne. Sau biyu ke nan abin yana hannuna, na farko na ba da shi a kafa wa wake, na biyu na dafa masa ruwa da kaina. Na zauna a kan dakali na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Saura sati goma sha huɗu biki. Babban sosison yana son sati sha biyu kafin ya nuna.

Na zaɓi kafaɗa mafi kyau da kitsen baya mai tauri, na datsa da wuƙa ban sa inji ba. Na ɗura talatin, na ɗaure kowanne da ƙullin Baba, zagaye biyu a tsuke ta ƙasa. Washegari da safe na jera su a kwanduna na tuƙa zuwa gidan Solange. Rabin awa na yi a ƙofar gidan, inji a kashe, hannuna a kan sitiyari. Sau biyu na murɗa makulli zan juya. Sai Gaëtan ya fito da kofi biyu ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Yaya, ka kawo mana baƙi ne?"

"Wuri nake nema. Na sati goma sha biyu. Ba alfarma nake roƙo ba, don Noémie ne."

"Ai na gyara tun jiya. Ɓangaren taga, ya fi iska."

"Wa ya ce maka zan zo?"

"Ba wanda ya ce," in ji shi, yana kallon ƙasa. Ƙarya ma bai iya ba.

Muka rataye su a kan sandunan tsintsiya. Sandunan tsintsiya, jama'a, ni da na gaji sana'ar nan tun daga kaka! Da muka gama ya miƙa hannu can lungu ya ɗauko wani tsoho da ya bushe ya ƙanƙance, ya rataye a tsakiyar nawa.

"Solange ta ce haka Baba yake yi," ya ce. "Ban san dalili ba, ina dai yi."

Shi ma Baba yake ce wa ubana.

Kullum da safe sai na je na juya su. Sati na biyu fatar ta yi ɗan danƙo mai warin ƙullun burodi, irin wanda da a ɗakina ne da tuni na goge. Na sa hannuwana a aljihu. Sati na huɗu furen ya fito dabbare-dabbare, mummuna kamar nasa.

Ranar biki rana ta fito da kyau. Aka fito daga coci, aka taru ƙarƙashin itatuwa a gaban gidanmu, kowa da kofinsa bai ɗaga ba. Na zaro wuƙar Baba na yanka. Tun kafin in kai baki ƙamshin ya gaya mini. Na miƙa wa Noémie yankan farko. Ta tauna, idonta ya cika, ta juya ƙarshen sosison ɗin ta dubi zaren.

"Ƙullinka ne, Baba," ta ce a hankali. Ni kaɗai na ji.

Faranti ya zaga. Ya kai kan tsoho Aimé, ya ɗauka ya tsotsa da haƙoran nan biyu, ya lumshe ido. Sannan ya miƙe da sandarsa, ya ɗaga kofi, ya ɗaga murya yadda har na bayan katanga sai da suka ji.

"Gaëtan! Ɗan arewa! Bana ka wuce kanka. Ko Clovis bai taɓa yin kamar wannan ba!"

Aka ɗauki tafi. Gaëtan ya yi ja har kunne, ya ɗaga hannu biyu. "A'a, Baba Aimé, na Yaya Firmin ne. Shi ya yi da hannunsa, ni ban taɓa ba."

Aimé ya yi dariya har da tari. Ya dafa kafaɗar na kusa da shi yana nuna Gaëtan da sanda. "Kun ji ɗan halak? Yana rufa wa surukinsa asiri ranar bikin 'yarsa. Firmin, ka gode wa Allah da ya ba ka irin wannan a gida."

Aka sake tafawa, wannan karon da ƙarfi. Kowa ya juyo yana mini murmushin tausayi. Huguette ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ina da baki, kuma duk garin nan sun san ina da shi, amma Noémie na tsaye kusa da ni da farar riga tana tauna, saboda haka na sunkuyar da kai na ci gaba da yanka har talatin ɗin suka ƙare.

Sandunan na mayar ɗakin awakin. Noémie ta ce in aka bar su a can ba wanki, wataƙila cikin shekara uku ko huɗu su sake yin baƙi, sannan in dawo da su gida. Ina zuwa dubawa duk safiya. Gaëtan ya ce in riƙa shiga ko ba sa nan, ya nuna mini inda yake ɓoye makulli, ƙarƙashin tukunyar fure ta biyu. Kullum sai na durƙusa a ƙofar direban bas kafin in shiga wurin ubana.